Tafiya a jirgin sama da yarinya 'yar wata ashirin: amsar likitan yara

Wata uwa ta aiko mini da tambaya cewa za ta yi tafiya a jirgin sama ita kaɗai da 'yarta mai wata 20 da haihuwa, tafiyar kusan awa bakwai, sannan su sauka a wani filin jirgi su jira na biyu. Ta ce yarinyar ba ta iya zama wuri ɗaya ko na minti biyar, kuma babban abin da ke hana ta barci shi ne tunanin yadda za ta yi ta kuka a cikin mutane. Don haka ta yi tambayoyi uku: ko akwai maganin barci da za ta ba ta, yadda za ta kare ta daga ciwon kunne, da kuma ko ya zama dole ta saya mata kujera, tunda kamfanin jirgin ya ce za ta iya riƙe ta a cinya.

Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana ita. Zan amsa duka ukun, amma zan juya tsarinsu, domin tambayar da kika sa a ƙarshe ita ce ta fi nauyi a wurina, ta farkon kuma amsarta gajeriya ce. Na shafe shekaru ina duba yara kafin tafiya da bayan dawowa, kuma abin da na lura da shi shi ne, yawancin iyaye kukan yaro suke tsoro, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Kuka yana ƙarewa idan an sauka. Abin da ya cancanci ki zauna ki yi masa tunani tun daga gida shi ne inda yarinyar za ta zauna, da abin da zai riƙe jikinta idan jirgin ya yi gargada.

Gaskiya ne kusan dukkan kamfanonin jiragen sama suna barin yaron da bai cika shekara biyu ba ya yi tafiya a cinyar babba, a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa kuma galibi ana biyan kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin tikitin babba, haɗe da haraji. Sai dai yarda da abu daban, amincinsa daban. Yarinya mai wata 20 nauyinta yakan kai kilo 10 zuwa 12. Idan jirgi ya faɗa cikin iska mai ƙarfi ya yi ƙasa ba zato, duk abin da ba a ɗaure ba tashi sama yake yi, idan kuma ya dawo da ƙarfi nauyin kowane abu yakan ninka, ta yadda yarinyar da kike ɗauka da hannu ɗaya za ta koma kamar buhu mai kilo 30 ko fiye da ake fizgewa daga hannunki cikin ƙiftawar ido. Babu uwar da ƙaunarta za ta ba hannuwanta ƙarfin riƙe wannan. Abin da ya ƙara wa lamarin wuya shi ne, akwai nau'in gargadar da ke aukuwa a sararin da babu ko ɗigon gajimare, wadda na'urar hangen yanayi ta matuƙi ba ta ganinta, saboda haka ba kullum ake samun damar kunna fitilar ɗaura bel kafin ta auku ba. A ranar 21 ga Mayu, 2024, wani jirgin Singapore Airlines da ya tashi daga Landan ya haɗu da gargada mai tsanani a sararin ƙasar Myanmar, ya yi ƙasa da kusan mita 54 cikin ƙasa da sakan biyar. Waɗanda ba su ɗaura bel ba sun bugi rufin jirgin, mutum ɗaya ya rasu, da dama sun ji rauni, jirgin ya yi saukar gaggawa a Bankok.

Masana harkar jirage sun daɗe suna jayayya a kan wannan batu. A ranar 19 ga Yuli, 1989, jirgin United Airlines mai lamba 232 ya yi saukar hatsari a Sioux City da ke jihar Iowa a Amurka, da mutum 296 a ciki, kuma akwai ƙananan yara huɗu da ke tafiya a cinya. Ƙa'idar wancan lokaci ita ce a ajiye irin waɗannan yara a ƙasa a danne su da hannu, haka kuwa aka umarci iyayen su yi. Ɗaya daga cikin yaran huɗu ya rasu. Shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Jan Brown, wadda ta tsira, ta kwashe shekaru masu yawa bayan haka tana neman a wajabta wa kowane yaro kujerarsa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta ƙi wajabtawa a 2005, kuma hujjar da ta bayar abar lura ce: ba ta ce cinya tana da aminci ba, cewa ta yi idan aka tilasta sayen tikiti, iyalai da yawa za su fasa jirgi su bi hanyar mota, hatsarin mota kuwa ya fi na jirgi yawa nesa ba kusa ba. Har yau hukumar tana ba iyaye shawara da babbar murya su saya wa yaro kujera su ɗaure shi a cikin abin zaman da ya dace da shi.

Shawarata ke nan gare ki ni ma: idan da hali, ki saya mata kujera. A tafiyar awa bakwai, ke kaɗai, da yarinyar da ta kusa shekara biyu, ko ba don gargada ba za ki gode wa kanki, domin za ki sami hannun cin abinci da na buɗe jaka, ita ma za ta sami wurin da ta san nata ne. Abin da ya fi dacewa a ɗora a kan kujerar shi ne kujerar yara ta mota, wadda ta saba da ita, muddin tana da tambarin da ke nuna an amince a yi amfani da ita a jirgin sama, kuma faɗinta bai wuce kusan santimita 40 ba, don ta shiga tsakanin madogaran hannu. Akwai kuma wata ɗamara mai suna CARES da FAA ta amince da ita ga yaro mai nauyin kilo 10 zuwa 20, ana zura ta a bayan kujerar jirgi a haɗa da bel ɗin kujerar, ba ta da nauyi, tana shiga jakar hannu. Ki kira kamfanin jirgin tun da sauran kwanaki ki gaya musu sunan abin da za ki zo da shi, domin kowane kamfani da jerin abubuwan da ya amince da su, kuma ba a son gardama a ƙofar jirgi da yarinya a kafaɗa.

Idan kuma halin bai kai ba, ba zan ce ki fasa tafiya ba, kuma kada ki ɗora wa kanki laifi, domin jirgin sama yana cikin hanyoyin tafiya mafi aminci ko da yaro a cinya. Kamfanonin Turai da na wasu ƙasashe da dama suna ba da ƙaramin bel da ake zura shi a cikin na uwa a ɗaure ƙugun yaro, kamfanonin Amurka kuwa ba sa amfani da shi. Idan an ba ki, ki ɗaura mata shi duk lokacin da kuke zaune, ba sai fitila ta kunnu ba, musamman idan ta yi barci, lokacin da ke ma barci zai iya sace ki hannu ya saki. Kada ki taɓa haɗa ke da ita a cikin bel ɗaya, domin idan jirgi ya ci birki da ƙarfi nauyinki gaba ɗaya a kan cikinta zai sauka. Abin goyo na gaba yana da amfani ƙwarai a cikin filin jirgi, amma mafi yawan kamfanoni za su ce ki fitar da ita daga ciki lokacin tashi da sauka. Ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bango kuwa, kada ki sa rai da shi, an yi shi ne don jarirai, yarinya mai wata 20 yawanci ta fi ƙarfinsa a nauyi ko a tsawo. Ki kuma duba ranar dawowarku da kyau: idan za ta cika shekara biyu kafin ku dawo, tilas ta sami kujerarta a jirgin dawowa, domin da shekarunta na ranar tafiya ake aiki.

Wurin zama ma yana da nasa hukunci. Ki zaɓa mata gefen taga, ke ki zauna tsakaninta da hanya. Kujerar mota dama a gefen taga ake ɗora ta don kada ta tare wa kowa hanyar fita, kuma ba za a ba ku layin ƙofar gaggawa ba. Dalilin da ya fi damuna shi ne shayi. Ƙuna da ruwan zafi tana cikin raunukan da yara suka fi samu a cikin jirgi, sai faɗowar kaya daga ma'ajiyar sama da bugun keken abinci, kuma galibi a bakin hanya suke faruwa. Na taɓa duba wani yaro mai shekara ɗaya da rabi kwana biyu bayan sun sauka, fatar cinyarsa ta tashi ta yi ƙulli da ruwa tun daga gwiwa har kusa da mara. Mahaifiyarsa ta ce hannu kawai ya miƙa lokacin da ake miƙa wa na kusa da su kofi ta saman kansa, ba ta ma ga lokacin da ya taɓa shi ba, sai ihunsa ta ji. Tun daga ranar nake gaya wa kowace uwa: muddin yaro yana cinyarki, ki haƙura da abin sha mai zafi har ku sauka, kuma ki roƙi ma'aikata kada su miƙa kofi ta kansa.

Abu ɗaya kuma game da bayanin da ma'aikatan jirgi suke yi kafin tashi. Idan suka ce ki fara sa wa kanki abin shaƙar oksijin kafin ki sa wa yarinya, da gaske suke yi, ko da zuciyar uwa ba ta son jin haka. A tsayin ƙafa 35,000, idan iskar cikin jirgi ta zube, babba yana da kusan sakan 30 zuwa 60 ne kafin tunaninsa ya dushe. Idan kika fara da ita tana fizge-fizge, kina iya suma kafin ki gama, ku rasa mai taimako ku biyu. Idan kika fara da kanki, ko ta ɗan galabaita, za ta farfaɗo da zarar kin sa mata.

Yanzu batun kunne. Jirgi yana tafiya a tsayin kusan kilomita 10 zuwa 12, amma ana matsa iska a cikinsa ta yadda jiki zai ji kamar yana kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Wannan bambanci ya isa ya sa iskar da ke kulle a cikin jiki ta buɗe da kusan kashi 30 cikin 100. A bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, hanyarsa ɗaya tilo ta shaƙatawa ita ce wani siririn bututu da ya gangara zuwa bayan hanci, wanda ake kira da sunan Bartolomeo Eustachi, masanin sassan jiki ɗan Italiya na ƙarni na 16. Lokacin da jirgi ke tashi, iskar ɗakin tana buɗewa ta tura kanta waje ta bututun, shi ya sa tashi ba ya cika yin ciwo. Lokacin sauka kuwa, iskar waje ce ke ƙara nauyi tana danna dodon kunne ciki, bututun kuma ba ya buɗewa da kansa ta wannan fuska sai an haɗiyi wani abu ko an yi hamma. A jikin ƙaramin yaro bututun gajere ne, ƙunci gare shi, kuma kusan a kwance yake, majina kaɗan ta isa ta toshe shi. Wannan ne ya sa za ki ji jirgi shiru tsawon tafiya, amma da an fara gangarowa sai kukan yara ya tashi daga kowace kusurwa.

Maganin abin shi ne haɗiya, kuma lokacin yinta ya fi komai muhimmanci. Kuskuren da na fi gani shi ne uwa ta ba yaro nono ko fida tun jirgi yana jan ƙafa a ƙasa yana jiran layi, kafin a tashi ya ƙoshi ya ƙi karɓa, ko kuma ta jira sai ta hango gine-ginen gari sannan ta fara, alhali kunnen ya riga ya toshe. Jirgi yakan fara gangarowa kusan rabin awa kafin ya taɓa ƙasa, za ki ji ƙarar injin ta ragu, hancin jirgin ya ɗan sunkuya, naki kunnen ma ya fara nauyi. Daga nan za ki fara. Ki ba ta ruwa ko madara kaɗan-kaɗan, kurɓi biyu ko uku duk bayan 'yan mintoci, a kofin da ta saba da shi, mai tsinken zuƙa ya fi, tana zaune a miƙe. Idan har yanzu tana shan nono, babu abin da ya kai shi, domin ya haɗa haɗiya da kwantar da hankali. Idan tana amfani da robar tsotso, ita ma ta yi. Ki ɗan rage mata abin sha awa ɗaya kafin lokacin don ta karɓa da marmari. Idan tana barci, ki tashe ta a hankali kafin a fara gangarowa, duk da na san abin da ciwo a tashi yarinyar da aka sha wahala kafin ta kwanta, domin mai barci ba ya haɗiya sosai, kuma farkawa cikin ciwon kunne ya fi farkawa a hannun uwa muni. Kada ki ba ta cingam ko alewa mai tauri kamar yadda manya ke yi, haka ma gyaɗa da inabi da ba a yanka ba, a wannan shekarun suna iya maƙale mata a maƙogwaro, cikin jirgi kuwa ba wurin da ake son haka ta faru ba ne. In duk da haka ta yi kuka, ki rungume ta ki bar ta ta yi, kukan kansa yana motsa naman da ke buɗe bututun.

Mura ita ce ke ɓata wannan shiri. Idan hancinta ya toshe, ki ɗiga mata ruwan gishirin hanci da ake sayarwa a kantin magani ki share majinar kafin tashi da kuma kafin a fara sauka. Magungunan mura da tari na sha ba a ba yara masu wannan shekaru, kuma ba su hana ciwon kunnen jirgi a yara. Idan tana da zazzaɓi, ko tana jan kunne tana kuka da dare, ko kunnen yana fitar da ruwa a kwanakin da suka gabaci tafiya, ki kai ta a leƙa kunnen, likitan da ya ga dodon kunnen da idonsa shi zai iya cewa a tafi ko a ɗaga. Idan an san tana da saurin ciwon kunne, ana iya ba ta farasitamol kusan rabin awa kafin a fara gangarowa, bisa nauyinta, miligiram 15 ga kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a awa 24 ba. Asfirin kuwa ba na yara ba ne sam.

Akwai yaran da ba na yarda su hau jirgi sai an yi shawara da likitan da ke bin lafiyarsu. Iskar cikin jirgi daidai take da shaƙar oksijin kashi 15 cikin 100 maimakon kashi 21 da muke shaƙa a ƙasa. Lafiyayyen yaro ba ya ma sanin an yi, amma ga mai sikila, ko mai ciwon zuciya na haihuwa, ko wanda aka haifa bakwaini huhunsa bai gama ƙwari ba, ko mai asma da ba ta lafa ba, ko mai ƙarancin jini sosai, wannan ragi yana iya tayar da ciwo. Mai sikila musamman yana buƙatar shan ruwa sosai da suturar ɗumi, da magungunansa a jakar hannu, wani lokaci ma har da shirin oksijin da ake nema daga kamfani tun kafin ranar tafiya. Yaron da ƙarambau ya fito masa kuwa, kamfanoni ba sa ɗaukarsa sai ƙurajen sun bushe.

Maganin barci, amsata a'a ce, kuma ina roƙonki kada ki karɓi shawarar duk wanda ya ce miki ya gwada ya ga daidai. Abin da mutane ke bayarwa galibi magungunan ƙaiƙayi da atishawa ne masu sa gyangyaɗi. Ɗaya daga cikinsu, promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, an hana ba da shi ga yaron da bai kai shekara biyu ba, domin yana iya danne numfashi har ya kai ga rasa rai, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani a kan haka. Ki tuna a wurin da oksijin ya riga ya ragu za a ba da shi, nesa da asibiti da awanni. Sauran irinsu Piriton da Benadryl kuma, a jikin wasu yara akasin abin da ake nema suke yi: maimakon barci sai yaro ya birkice, idonsa ya bushe, ya yi ta fizge-fizge da kukan da ba ya jin rarrashi har sai maganin ya sake shi. Yaron da aka sa wa barcin dole ba ya haɗiya yadda ya kamata lokacin sauka, ga shi ba za ki iya bambance barcin magani da galabaitar rashin lafiya ba.

Abin da ke kawo barci na gaskiya shi ne gajiya da sabo. Idan kina da zaɓi, ki ɗauki jirgin da lokacinsa ya faɗa kan lokacin barcinta. Kada ki hana ta barcin rana da nufin ta gaji sosai, yaron da gajiya ta wuce masa misali ba ya barci, rigima yake yi. A wurin jira ki bar ta ta yi ta zirga-zirga iyakar son ranta, kina biye da ita. Ana kiran masu yara su fara shiga jirgi, wannan yana da amfani idan za ki ɗaura kujerar mota, idan kuwa babu abin da za ki ɗaura, shiga da wuri ƙarin rabin awa ne na zaman takura, gara ki jira sai layi ya rage. Idan lokacin barci ya yi, ki yi mata abin da kika saba yi a gida bi da bi: ki canza mata famfas, ki sa mata kayan barci, ki ba ta bargonta ko 'yar tsanar da take kwana da ita, ki yi mata waƙar da ta sani a kunne. Na ga wata uwa a kujerar gabana ta yi haka, ta lulluɓe kanta da ɗanta da mayafi mara nauyi don tare hasken allon kujera, tana bubbuga bayansa a hankali tana raɗa masa magana, yana ta mutsu-mutsu kusan minti ashirin, daga bisani na ga ƙafarsa da ke harbin madogarar hannu ta saki ta yi laƙwas.

Sa'o'in da take farke kuwa, ki sani hankalin mai wata 20 ba ya zama a kan abu ɗaya fiye da 'yan mintoci, don haka ƙananan abubuwa da yawa sun fi babban abin wasa ɗaya. Littafi mai kauri da hotuna, takardun mannawa, kofunan roba da ke shiga cikin juna, jaka mai zif da za ta yi ta buɗewa tana rufewa, ki riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, ki ɓoye biyu da ba ta taɓa gani ba don awa ta ƙarshe. Idan fitilar bel a kashe take kuma keken abinci ba ya hanya, ki riƙe hannunta ku taka zuwa baya ku dawo. Game da waya ko allon kallo, ni da nake hana iyaye yawaita shi a gida ba na ganin laifinsa a rana irin wannan, sai dai a rage ƙara.

Jakar hannu ki shirya ta kamar tafiyar za ta ninka tsawonta, domin jinkiri da ɓatan akwati ba sa sallama. Famfas ɗaya ga kowace awa biyu da ƙari a kai, kayan sawa kala biyu nata, riga ɗaya taki, ledojin zuba abin da ya ɓaci, da dukkan magungunanta. Dokar da ta taƙaita ruwan da ake wucewa da shi wurin bincike zuwa mililita 100 a yawancin filayen jirgi, wadda aka fara a 2006, ta yi rangwame ga madara da abincin ƙananan yara, sai dai ki fito da su daban ki nuna wa masu bincike. Iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, danshinta yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, saboda haka ki riƙa ba ta ruwa akai-akai, ki kuma zo da abincin da ta saba ci, kada ki dogara da na jirgi. Keken tura yaro galibi ana barinki da shi har ƙofar jirgi, amma ki tambaya ko za a ba ki shi a filin da za ku canza jirgi ko sai a ƙarshen tafiya, domin wannan ne zai nuna miki ko za ki buƙaci abin goyo a tsakani.

Takardu kuma, yarinya tana buƙatar fasfonta na kanta da biza idan ƙasar na nema. Tunda ke kaɗai za ki tafi da ita, ki riƙe takardar haihuwarta da wasiƙar amincewar mahaifinta mai sa hannu, ƙasashe da dama suna tambaya a kan iyaka. Ki duba katin rigakafinta aƙalla wata guda kafin tafiya. Ƙyanda ce ta fi damuna, domin ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, filin jirgi kuwa matattarar mutanen duniya ce. Ana so ta sami allura biyu, da tazarar aƙalla kwana 28 a tsakani. Idan ƙasar da za ku tana neman shaidar rigakafin shawara, ana yin allurar daga wata tara, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10.

Kukan da kike tsoro mai yiwuwa ne za ta yi shi, ko kin yi komai daidai. Idan ta fara, ki bi abubuwan da ke sa ta kuka a gida ɗaya bayan ɗaya, yunwa, ƙishi, jiƙaƙƙen famfas, zafi, gajiya, sannan kunne, ki mai da hankalinki kanta, ki bar kallon fuskokin mutane, domin yaro yana jin tashin hankalin uwa a hannun da ke riƙe da shi. Ki gaya wa ma'aikatan jirgi tun da farko cewa ke kaɗai ce, za su taimaka miki da ɗumama madara da sauke jaka, kuma akwai allon canza famfas a wasu daga cikin banɗakunan, su za su nuna miki.

Bayan kun sauka, idan akwai bambancin lokaci tsakanin ƙasashen biyu, ki sa ran barcinta zai rikice na kusan kwana ɗaya ga kowace awa ta bambanci, tafiya gabas kuma ta fi ta yamma wahalar sabawa. Fita da ita cikin hasken rana da ba ta abinci a kan lokacin sabon wurin su ne ke saurin daidaita ta. Kunnen yakan buɗe da kansa cikin 'yan awanni. Idan ta kwana ta wuni tana jan kunne, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko kika ga jini ko ruwa a kan matashinta, ko kina kiranta ta baya ba ta waiwayowa kamar yadda ta saba, ki kai ta a duba kunnen a can inda kuke, kada ki bari sai kun dawo, kuma a duba shi kafin ku sake hawa jirgin komowa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.